Yadda Ake Gyara Sihirin Garkuwa da Dokar Gida Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Sihirin Garkuwa, wanda littafin dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons ke kira Shield, yana cikin waɗanda jagororin wasa, wato masu tafiyar da labari da maƙiya, kan taɓa da dokar gida, wato dokar da tebur ya ƙirƙira wa kansa, tun da bugu na biyar na wasan ya fito a 2014, kuma kwaskwarimar da aka yi wa dokokin a 2024 ta bar shi kusan yadda yake. Sihiri ne na daraja ta farko, ana yin sa a matsayin martani a daidai lokacin da hari ya sami gwarzo, wato jarumin da ɗan wasa ke sarrafawa, sai ya ƙara maki 5 a kan makin kariyarsa, wato lambar da ake rubutawa a gurbin AC a takardar gwarzo. Ƙarin yana aiki a kan harin da ya jawo shi, da duk wani hari da zai biyo baya, har layi ya sake zagayowa kan mai sihirin, sannan yana hana kibiyoyin sihirin Magic Missile yin ko da ƙwarzane. Ra'ayina shi ne Garkuwa ba ta da wani laifi a hannun wanda aka yi ta dominsa, matsalar tana fitowa ne idan aka ɗora ta a kan sulke, don haka gyaran da ya dace shi ne wanda zai hana ɗorin ya ƙyale sihirin.

Fara da lissafi

Kada jagora ya canza komai kafin ya zauna da takarda ya ga abin da maki 5 ke nufi. Ana jefa hari da dayis mai fuska 20, saboda haka kowane maki ɗaya na kariya yana daidai da kashi 5 cikin 100 na damar samun bugu, maki 5 kuma kashi 25 ke nan. Masu tsara bugu na biyar sun ƙuntata lambobin wasan da gangan: ƙarin ƙwarewa, wato makin da gwarzo ke ƙarawa a kan jifarsa a abin da ya ƙware, yana farawa daga 2 a matakin gwarzo na farko, yana tsayawa a 6 a mataki na 17, sulken sihiri mafi daraja yana ƙara maki 3 kacal, kuma wanda ya ɓuya a bayan bango har ya rufe kashi uku cikin huɗu na jikinsa shi ma maki 5 yake samu. A wasan da aka matse lambobi haka, ƙarin 5 babban abu ne.

Sai dai girman nasa ya danganta da inda aka ɗora shi. A ɗauki masanin sihiri wanda ba ya sa sulke, ya yi wa kansa Mage Armor, sihirin da ke tsaya wa sulke, da safe, makin kariyarsa ya zama 15. Jarumin kabilar ok (orc), ɗaya daga cikin maƙiyan wasan, kamar yadda littafin dodanni na 2014 ya tsara shi, yana kai hari da ƙarin 5, don haka yana buƙatar dayis ya nuna 10 ko sama, damarsa kashi 55 ce. Idan aka yi Garkuwa, kariya ta koma 20, yana buƙatar 15, damarsa ta sauko zuwa kashi 30. An rage ɓarnar, amma ba a kai ga rage rabinta ba, kuma mai sihirin yana nan cikin haɗari. Yanzu a ɗauki gwarzo mai cikakken sulken ƙarfe, wanda ke ba da 18, da garkuwar hannu mai ƙara 2, jimla 20. Wannan jarumin ok ɗin yana samunsa a kashi 30. Da zarar an yi Garkuwa kariya ta kai 25, sai fuska ɗaya tak ta rage, wato 20, wadda dokar wasa ta ce ba ta kuskure ko da kariya ta kai nawa. Daga bugu shida da za su iya shiga, biyar sun tafi. Sihiri ɗaya ne, gurbi ɗaya aka biya, wato ɗaya daga ƙayyadaddun damar yin sihiri da gwarzo ke da su a yini, amma na farko ya sami sauƙi, na biyu ya kusa fita daga sahun waɗanda makami ke taɓawa.

Hanyoyin haɗa sulke da Garkuwa kuwa suna da yawa. Mayaƙi na reshen Eldritch Knight yana samun ta daga mataki na 3 yana sanye da sulkensa. Reshen Hexblade, wanda ya fito a 2017, yana ba da matsakaicin sulke da garkuwar hannu da wannan sihiri duk a mataki ɗaya, abin da ya sa masu haɗa aji biyu ke yawan leƙa shi. Masanin sihiri ma yana iya ɗaukar mataki ɗaya a ajin masu bauta ko na mayaƙa ya fito da matsakaicin sulke da garkuwar hannu, ya koma karatunsa. Ban ga laifin ɗan wasan da ya bi waɗannan hanyoyi ba, domin dokoki ne suka buɗe masa su. Aikin jagora shi ne ya duba ko sakamakon yana ɓata wa sauran wasansu.

Akwai matsala ta biyu da ke zuwa daga baya, ita ce araha. Masanin sihiri a mataki na farko yana fara yini da gurabe biyu kacal, kuma idan ya kashe ɗaya a kan Mage Armor, Garkuwa guda ita ce ragowar abin da ya mallaka. Wannan tsada ce ta gaske. A mataki na 9 kuwa yana da gurabe 14, huɗu daga ciki na daraja ta farko ne, waɗanda ba ya buƙatarsu don kai hari saboda manyan sihirinsa sun ishe shi, sai su zama an ajiye su ne domin Garkuwa kawai. Masu tsara wasan ma sun lura da wani ɓangare na wannan. A dokokin 2014, masanin sihiri na mataki na 18 yana iya zaɓar sihiri ɗaya na daraja ta farko ya riƙa yin sa ba tare da biyan gurbi ba, kuma Garkuwa tana cikin abin da zai iya zaɓa, amma a 2024 an taƙaita zaɓin ga sihirin da ake yi da cikakken aiki a layin mai shi, ba a matsayin martani ba, Garkuwa ta fita daga ciki.

A fara aiwatar da dokokin da ke akwai

Sau da yawa abin da ake ɗauka ƙarfin Garkuwa ne, sakacin tebur ne. Sihirin yana buƙatar furuci da motsin hannu, kuma motsin hannu yana buƙatar hannu ɗaya da ba ya riƙe da komai. Gwarzon da ke riƙe da takobi a dama da garkuwar hannu a hagu ba zai iya yin Garkuwa ba, sai idan yana da baiwar War Caster, wadda samunta ke nufin ya bar wata baiwar ko ƙarin maki a ɗabi'unsa. Idan kuma ya zaɓi mayar da takobi kube a ƙarshen layinsa domin hannunsa ya zama fanko, to ya rasa makamin da zai sari maƙiyin da ya gifta ta gabansa. Teburin da ya yi watsi da wannan doka ya ba masu sulke kyautar baiwa guda, ba mamaki daga baya ya ga sun gagara.

Haka nan kowane gwarzo martani ɗaya yake da shi a zagaye. Wanda ya yi Garkuwa ba zai iya yin Counterspell, mai karya sihirin maƙiyi, ba a wannan zagayen, ba zai iya yin Absorb Elements, mai rage ɓarnar wuta da makamantanta, ba idan dodo ya fesa wuta, ba zai iya kai sara ga mai gudu ba. Maƙiya masu wayo suna iya amfani da wannan: maharba su fara harbi, gwarzo ya ɗaga Garkuwa, sannan matsafinsu ya jefa ƙwallon wuta, wadda ke buƙatar jifan tsira, wato wanda aka kai wa harin ne ke jefa dayis don ya tsira, kuma ba ruwanta da makin kariya. Duk harin da ke bi ta jifan tsira, daga numfashin dodo zuwa guba da sihirin ruɗa tunani, yana wuce Garkuwa kamar babu ita. Idan duk maƙiyan da jagora ke kawowa da takobi da kibiya kawai suke faɗa, to shi ne ya mai da makin kariya komai da komai.

Sai kuma tsawon yini. Littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa a kan cewa ayari zai iya jure karo shida zuwa takwas, matsakaita ko masu wuya, kafin dogon hutu. Teburin da ke yin faɗa ɗaya sannan a kwanta barci ya ba mai sihiri damar yin Garkuwa a kowane zagaye ba tare da ya taɓa jin ƙarancin gurbi ba.

Idan an tsaurara waɗannan kuma damuwar tana nan, sai a tattara shaida. Jagora ya ajiye ƴar takarda a gefen allonsa na tsawon zama uku ko huɗu, ya riƙa rubuta wanda ya yi Garkuwa, da adadin hare-haren da suka faɗa cikin tazarar maki 5 ɗin, wato waɗanda da sun shiga in ba don ita ba, da kimanin ɓarnar da aka kauce wa. Wannan ƙidaya tana da muhimmanci saboda abin da jagora ke tunawa yakan karkata: zagaye guda da babban maƙiyinsa ya kai sara uku duk suka kuskure yana zama a ransa, zagaye goma da aka kashe gurbi don tare bugun ɗan ƙaramin dodo kuwa sai ya manta da su. Takardar za ta nuna ko matsalar ta gwarzo ɗaya ce mai sulke, ko ta yawan gurabe ce, ko kuma babu matsalar ma.

Gyare-gyaren da aka saba, da inda kowanne ke cizo

Gyara na farko da ke zuwa wa yawancin jagorori shi ne ɓoye jimlar jifa. Dokar sihirin ba ta ce dole a faɗa wa ɗan wasa lambar da maƙiyi ya samu ba, cewa kawai ta yi ana yin martanin idan hari ya shiga. Saboda haka jagora yana iya jefa dayis a bayan allo ya ce, "Gatarin ya same ka, za ka yi Garkuwa?" maimakon ya ce, "Ya sami 17." A ido wannan yana kama da adalci, domin ya mai da sihirin caca. Amma a sake duba misalanmu biyu. Mai kariya 15 ana samunsa da fuskoki 11, daga 10 zuwa 20, kuma Garkuwa tana tare biyar daga ciki, daga 10 zuwa 14, don haka idan ya yi ta a makance, fiye da rabin lokaci bugun da ya jawo ta zai shiga duk da haka. Mai kariya 20 ana samunsa da fuskoki shida, Garkuwa tana tare biyar, kuma ta shidan ita ce 20, wadda jagora zai sanar da ita ko yana so ko ba ya so tunda bugu ne mai ninkin ɓarna. Ma'ana, mai sulke ba ya taɓa yin asara, marar sulke ne ke biyan kuɗin cacar. Wannan gyara yana hukunta wanda ya kamata a kare, yana ƙyale wanda aka so a rage wa ƙarfi, kuma ba na ba da shawararsa ko kaɗan.

Na biyu shi ne a taƙaita Garkuwa ga hari ɗaya, ta ɓace da zarar ta tare wanda ya jawo ta. Wannan yana da sauƙin bi, kuma yana rage ƙarfin sihirin a manyan matakai inda dodanni ke kai hari biyu ko uku a layi ɗaya. Illarsa tana kan marar sulke da aka kewaye. Goblin a littafin 2014 yana yin ɓarnar maki 5 a matsakaici, alhali sihirin warkarwa na Cure Wounds na wannan bugun, da gurbi irin wannan, yana mayar da kimanin 7 ko 8. Idan goblin huɗu suka rufe masanin sihiri mai makin rai 8, gurbin da zai tare bugu ɗaya kawai bai cece shi daga komai ba, kuma irin wannan lokacin ne aka ƙirƙiri sihirin dominsa.

Na uku shi ne a mayar da ƙarin ya zama daidai da ƙarin ƙwarewar gwarzo: 2 a matakai na 1 zuwa 4, 3 a na 5 zuwa 8, haka har 6 a na 17. Yana da kyan gani a takarda, amma ya juya al'amarin baibai, domin ya raunana sihirin a lokacin da mai shi ya fi rauni kuma gurbi ya fi tsada, ya ƙarfafa shi fiye da na asali a lokacin da gurabe suka zama ba a san adadinsu ba.

Na huɗu ya fi waɗannan hankali: gurbin daraja ta farko ya ba da 3, na daraja ta biyu ya ba da 4, na ta uku ya ba da 5. Idan takardar ƙidaya ta nuna cewa araha ce matsalar teburinku, wannan ne maganinta, domin wanda ke son cikakkiyar kariya dole ya sadaukar da gurbin da zai iya jefa ƙwallon wuta da shi. Sai dai shi ma yana rage wa masu farawa, kuma yana ƙara ɗan jinkiri a tsakiyar layin maƙiyi, tunda ɗan wasa zai tsaya yana auna wane gurbi zai biya.

Na biyar an aro shi ne daga tarihin wasan kansa. A bugu na 3.5, na 2003, Garkuwa tana ba da maki 4, ana yin ta da cikakken aiki tun kafin hari, tana ɗaukar minti ɗaya a kan kowane matakin mai sihirin, kuma ƙarinta nau'i ɗaya ne da na garkuwar hannu, don haka ba sa haɗuwa, wanda ya fi girma ake ɗauka. Idan aka dawo da wannan ƙa'ida, mai riƙe da garkuwar hannu zai ƙaru da 3 kawai, kariyarsa ta tashi daga 20 zuwa 23. Gyara ne mai tsabta wanda labari ma yake goyon baya, kuma ya isa ga tebura da yawa. Gibinsa shi ne bai kama wanda ya tara kariya ta wata hanya ba. Masanin sihiri na reshen Bladesinger, a tsarinsa na 2020, yana ƙara makin basirarsa a kan kariya yayin da yake rawar takobi, don haka da Mage Armor da ƙarin 4 na zafin nama da ƙarin 4 na basira ya kai 21 ba tare da garkuwar hannu ba, Garkuwa kuma ta kai shi 26.

Akwai kuma masu ɗauko tsarin wasu bugu gaba ɗaya. A bugu na huɗu, na 2008, Garkuwa tana ba da 4 kuma sau ɗaya ake yin ta a kowane karo. A bugu na biyu na Pathfinder, wani wasa makamancin wannan, na 2019, ƙaramin sihiri ce marar gurbi mai ƙara maki 1, wadda za a iya amfani da ita a rage ɓarnar bugu da maki 5 a farkon wasa, bayan haka sai an jira minti 10 kafin a sake yin ta. Dukansu suna aiki a gidajensu, amma dasa su a bugu na biyar sake rubuta sihirin ne, kuma bai kamata a kai ga haka ba idan ƙaramin gyara zai wadatar.

Dokar da nake ba da shawara

Tunda matsalar ɗori ce, sai a sa mata iyaka daga sama. Ga yadda za a rubuta ta a takardar dokokin gida: "Garkuwa tana ƙara maki 5 kamar yadda aka saba, amma ba za ta kai makin kariya sama da 19 haɗe da ƙarin ƙwarewar mai sihirin ba, kuma ko yaya ƙarinta ba zai gaza 2 ba." Iyakar ke nan ta zama 21 a matakai na 1 zuwa 4, 22 a na 5 zuwa 8, 23 a na 9 zuwa 12, 24 a na 13 zuwa 16, da 25 daga na 17. Ɗan wasa zai rubuta lambar sau ɗaya a gefen makin kariyarsa, ba sai ya yi lissafi a tsakiyar faɗa ba, kuma sau huɗu kawai za ta canza a duk rayuwar gwarzon.

A gwada ta. Masanin sihiri mai kariya 15 ko 16 yana tashi zuwa 20 ko 21, bai ma san an yi doka ba. Mai matsakaicin sulke da garkuwar hannu a mataki na 2, wanda kariyarsa 18 ce, yana tsayawa a 21 maimakon 23. Mai cikakken sulke a mataki na 5 yana tashi daga 20 zuwa 22, don haka jarumin ok yana samunsa a kashi 20 maimakon kashi 5, wanda har yanzu ya fi kashi 30 da zai fuskanta ba tare da sihirin ba. A can sama kuma, babban jan dodo mai fesa wuta yana cizo da ƙarin 14. Gwarzo na mataki na 17 da ya tara kariya 23 da kayan sihiri ana samunsa a kashi 60, tsohuwar Garkuwa tana saukar da shi zuwa kashi 35, mai iyaka kuma zuwa kashi 50. Marar sulke mai 16 yana sauka daga kashi 95 zuwa kashi 70 a dokokin biyu.

Za a iya cewa maki 2 ko 3 bai cancanci gurbi ba. Amsar ita ce Garkuwa ana yin ta ne bayan an ga bugu ya shiga, don haka mai sulke zai biya gurbin ne kawai a lokacin da ya san ƙarin zai mai da bugun kuskure, kuma bugu guda na babban dodo da aka tare ya fi ƙarfin abin da gurbin daraja ta farko zai iya warkarwa. Wannan ne ya sa dokar iyaka dole ta tafi tare da jifa a fili. Jagora ya faɗi jimlar, ɗan wasa ya dubi lambar da ya rubuta a gefe, ya ce zai yi ko ba zai yi ba, a wuce. Idan aka haɗa iyaka da ɓoye jifa, an hukunta mai sulke sau biyu, kuma sihirin ya mutu a hannunsa.

Akwai wasu ƙananan tambayoyi da gara a amsa su tun kafin su taso. Ɓuya a bayan bango ko itace ba ya shiga lissafin iyakar, ana ƙara shi ne a kanta, domin bai kamata a hana ɗan wasa ladan zaɓar wuri mai kyau ba. Ƙarin da wani abokin tafiya ya ba shi, kamar maki 2 na Shield of Faith, yana shiga, tunda ɗori ne irin wanda ake son hanawa. Kariya daga Magic Missile tana nan yadda take. Idan Garkuwa ta fito daga wani kayan sihiri, kamar zoben da ke adana sihiri har na jimlar daraja biyar, wanda zai iya ba mayaƙin da bai san sihiri ba Garkuwa biyar, ana amfani da ƙarin ƙwarewar wanda ke sanye da zoben. Dokar kuma tana hawa kan maƙiya kamar yadda take hawa kan gwaraza, domin matsafa da dama a littafin dodanni na 2014, har da lic, matsafin nan da ya ƙi mutuwa, suna da Garkuwa a jerin sihirinsu.

Yadda za a shigo da ita tebur

Kada a sanar da dokar a tsakiyar faɗa, kuma kada a sanar da ita a zaman da Garkuwar wani ta ɓata wa jagora shiri, domin duk wanda ke wurin zai ɗauke ta a matsayin ramuwa. A kawo ta tsakanin zama da zama, a ajiye takardar ƙidaya a gaban kowa, a nuna lambobin. Idan gwarzo ɗaya ne dokar za ta taɓa, ya kamata jagora ya fara magana da mai shi shi kaɗai kafin ya kai maganar gaban jama'a. Mutumin nan wataƙila ya ɗauki watanni yana gina gwarzonsa a kan wannan haɗi, ya ba da mataki guda na ajinsa da baiwa guda domin ya same shi, kuma ya yi haka ne bisa dokokin da aka amince da su a farko. Haƙƙinsa ne a ba shi damar sauya sihirin, ko baiwar, ko ma matakin da ya ɗauka a wani aji, ba tare da an caje shi komai ba a cikin labari. Ina ganin jagoran da ba zai iya ba da wannan dama ba gara ya haƙura da dokar har sai an fara sabon labari.

Ya kamata kuma a saurari sauran ƴan wasa, musamman mai riƙe da mayaƙin da ba shi da sihiri, tunda shi ne wanda ɗorin ya fi shafa: ya zaɓi ajin da aikinsa tsayawa a gaba ne, sai ya ga wani yana jefa manyan sihiri kuma ya fi shi wuyar taɓawa. Idan shi da sauran suka ce abin bai dame su ba, suna ma jin daɗin samun abokin da makami ba ya kamawa, to damuwar ta jagora ce shi kaɗai, kuma yana da maganinta a hannunsa ta hanyar maƙiya masu jifan tsira da yini mai tsawo.

Idan an amince, a sa wa dokar wa'adin gwaji na zama uku ko huɗu, a canza abu ɗaya kawai a wannan lokacin domin a san abin da ya haifar da bambancin, kuma a ci gaba da ƙidaya a takarda kamar da. Abubuwa biyu ake dubawa a ƙarshen wa'adin. Idan mai sulke ya daina yin Garkuwa gaba ɗaya, iyakar ta yi ƙasa, sai a ɗaga 19 zuwa 20. Idan kuma har yanzu gurabensa huɗu na daraja ta farko suna ƙarewa a kanta a kowane yini kuma ba ya jin tsadar, to araha ce ta rage, sai a bar iyakar yadda take a ƙara sharaɗin cewa Garkuwa ta biyu a karo ɗaya tana buƙatar gurbin daraja ta biyu ko sama.